Lissafin Bashin Gida: Lokacin da Ƙarin Biya Ba Ya Jawo Tara

A ƙasar Birtaniya, galibin masu sayen gida bashi suke ci daga banki, su jinginar da gidan, su riƙa biya wata-wata har tsawon shekara 25 ko fiye. Akasari akan tsayar da kuɗin ruwa na shekara biyu ko biyar; idan wa'adin ya cika, sai a sabunta yarjejeniya. Wannan gaɓa ta sabuntawa tana ɗauke da wata dama wadda lissafi kaɗai ke bayyana girmanta.

Kuɗin ruwa a kan ragowar uwar kuɗi ake lissafa shi. Alal misali, mutum ne ake bin sa fam 150,000, da ruwan kashi 5 cikin ɗari a shekara, saura shekara 20. Biyansa na wata zai kai kimanin fam 990. A watan farko fam 625 ruwa ne zalla, fam 365 kawai ke rage bashin. To, idan ya zuba ƙarin fam 10,000 lokaci guda, ya kuma ci gaba da biyan fam 990, zai gama cikin wata 214 maimakon 240, ya tsira da kimanin fam 15,700 na ruwa. Dalili kuwa shi ne, duk fam ɗin da aka biya yau ya daina haifar da ruwa har ƙarshen bashin.

Sai dai banki ba ya son rasa wannan riba. Saboda haka, muddin wa'adin yarjejeniya bai cika ba, yawancin bankuna kashi 10 cikin ɗari na bashin kaɗai suke yarda a ƙara biya a shekara. Abin da ya haura haka akan ɗora masa tara, yawanci kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari. Da zarar wa'adin ya ƙare, tarar ta faɗi. Tsakanin ƙarewar tsohuwar yarjejeniya da fara aikin sabuwa, mai gida na iya biyan duk abin da ya ga dama.

Akwai wata fa'idar kuma. Bankuna na duba girman bashi bisa darajar gida. Idan gidan ya kai fam 190,000, bashin fam 150,000 kusan kashi 79 ne cikin ɗari. Fam 140,000 kuwa bai kai kashi 75 ba, matakin da sau da yawa ruwa kan sauka. Muhimmancin haka ya fito fili sa'ad da Babban Bankin Ingila ya ɗaga ruwansa daga kashi 0.1 a 2021 zuwa 5.25 a Agustan 2023.

Amma fa kuɗin da ya shiga gida ba ya fitowa da sauƙi. Mai hankali kan ware na ko-ta-kwana tukuna, ya kuma fara biyan basussukan da ruwansu ya fi tsada. Ɗalibai na iya sake wannan lissafi da ruwan kashi 3, su ga yadda ribar ke raguwa.