Zaɓen Na'urar Sauti Don Majigin Gida

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu muna marmarin kafa majigi a ɗaki in mun fara karɓar albashi. To, hoto ba wuya, sauti shi ke cin kuɗi.

Aikin sauti kashi biyu ne. Akwai na'ura mai karɓar murya ta rarraba ta, ana ce da ita furosesa. Ita kaɗai ba ta iya motsa lasifika, sai an gama ta da amfilifaya, mai ba da ƙarfi. Tsarin Dolby Digital, wanda ya shiga gidajen sinima a 1992, hanya shida yake bi: uku gaba, biyu baya, ɗaya mai gurnani.

Ƙaramin malami kada ya sayi na'urorin nan dabam dabam. Ya nemi risiba, wadda ta haɗa su cikin akwati guda. Kafin ya biya, ya juya bayanta ya duba abu uku. Na fari, ramin HDMI na haɗawa da talabijin. Na biyu, ramukan da za a jona babbar amfilifaya ran da aljihu ya yi nauyi. Na uku, ƙarfin wuta. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Wani abokina nan Jalingo ya sayo ta hannu daga Amurka bai duba ba, yana jonawa sai hayaƙi. Albashin wata ya tafi.

Abin da ya rage a sa shi a lasifika masu kyau da sitabilaiza. Daidai ruwa, daidai tsaki.