Injin zuƙar ƙura na hannu: zai iya raba ka da ƙwari ba tare da feshi ba?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari suka saurara ba.

Maganar yau daga saƙon wata 'yar'uwa ta samo asali. Tana da yaro mai asma, duk ranar da aka yi feshin maganin ƙwari a ɗaki, a ranar ba su da barci, tari har asuba. In kuma ba a fesa ba, kyankyaso da gizo-gizo su mayar da ɗakin nasu. Sai ta ga ana tallar ɗan ƙaramin injin nan mai zuƙar ƙura, wanda ake yi wa caji a riƙe a hannu, irin wanda wasu ke share mota da shi. Tambayarta ita ce, shin wannan abu zai yi mata maganin ƙwari, ko kuɗinta kawai za ta zubar?

Amsar a taƙaice: yana taimakawa sosai, amma da iyakarsa. To bari mu bi abin daki-daki.

Da farko, me ya sa ma ake neman wata hanya? Kowa ya san ota-piya-piya da Sniper. Sinadarin da ke cikinsu, dichlorvos, guba ne mai taɓa jijiyoyi, ba na ƙwaro kaɗai ba, har da na mutum. Shi ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a kasuwanni barkatai. Amma har gobe akwai masu yayyafa shi a ƙarƙashin gado, su rufe ƙofa da taga su kwanta. Duk hanyar da za ta rage wannan, ta cancanci a tsaya a dube ta.

Yaya injin yake aiki? A cikinsa akwai ƙaramin moto mai juya fanka da gudun gaske. Fankar tana fitar da iskar da ke ciki ta baya, sai iskar waje ta ruga ta bakin injin don ta cike gurbin, ta kwaso duk abin da ta tarar a hanya: ƙura, gashi, ƙwaro. Iskar ta wuce ta matata ta fita, dattin ya tsaya a ma'aji. Ba sabon abu ba ne, tun 1979 kamfanin Black & Decker ya fitar da irinsa mai batir a Amurka, da sunan DustBuster. Kuma ko masu binciken sauro, da irin wannan na'ura mai batir suke kamo sauro daga bangon ɗakuna su kai ɗakin gwaji.

Ku riƙe wannan a kai: masu binciken nan da ransa suke son sauron, kuma da ransa suke samun sa. Wato zuƙe ƙwaro daban, kashe shi daban. A nan mutane da yawa suke kuskure.

Gaskiya ne wani bincike da aka yi a Jami'ar Jihar Ohayo a 2007 ya gano cewa injin shara yana kashe kashi 96 cikin 100 na manyan ƙuma. Amma babban inji ne mai buroshi, kuma ƙuma ce. Naka ɗan ƙarami na hannu ƙarfinsa bai kai nan ba. Ƙwaro mai laushin jiki zai iya mutuwa saboda buguwa, amma kyankyaso? Wallahi yana nan zaune a ciki yana jiran ka kashe inji. Ka ajiye a bayan ƙofa ka kwanta, da dare ya fito ta inda ya shiga.

Saboda haka doka ta farko: da zarar ka gama, fita waje da injin. Ka juye ma'ajin cikin leda, ka ƙulle bakinta tam, ka jefa a sharar da ke wajen gida. Ko kuma ka juye cikin bokitin ruwan omo, ka bar su su nutse.

Ga wata dabara kuma. Nemi tsohuwar safa mara kauri, ka cusa ta cikin bakin injin kamar aljihu, ka lanƙwaso bakinta ta waje ka ɗaure da kyauro. Iska za ta wuce, ƙwaron ya maƙale a safa. Kafin ka kashe injin, ka kama bakin safar ka zare, ka ƙulle. Shi ke nan, cikin injinka bai ga ƙwaro ba.

Yanzu mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Gizo-gizo. A nan injin ya fi tsintsiya nesa ba kusa ba. Tsintsiya tana yaga yanar ne, gizon ya faɗo ya gudu, gobe ya sake saƙa. Inji kuwa yana kwashe yana da mai yanar, har da ɗan ƙunshin nan fari mai kama da auduga. Ƙwai ne a ciki, da yawa, kuma shi ne abin da ya kamata ka fi nema a kusurwar silin, bayan labule da ƙarƙashin kujeru. Amma mu yi wa Gizo adalci, a tatsuniya ne ya yi suna da ha'inci. An san nau'in gizo-gizo sama da 50,000 a duniya, kaɗan ne ƙwarai a ciki ke da haɗari ga mutum, kuma na cikin gida ƙuda da sauro yake ci. In a baranda yake ko sito, ba dole ne ka taɓa shi ba.

Kyankyaso. Sa siririn bakin nan mai shiga lungu, ka bi bayan firji, ƙarƙashin kabad da tsagar bango. Ba shi kaɗai za ka zuƙe ba, har da kashinsa, da saɓar jikinsa, da kwanson ƙwansa mai ruwan ƙasa. Ƙaramin kyankyason kicin, kwanso ɗaya nasa yana ɗauke da ƙwai 30 zuwa 40. Kuma kashin nan da saɓar nan suna cikin abubuwan da ke tayar da asma. To 'yar'uwa mai tambaya, ki nemi inji mai matatar HEPA, wadda ke tare ƙura mafi ƙanƙanta. In matatar ba ta da kyau, ƙurar ta baya za ta fito ta koma hancin yaro. Ko da mai kyau ce, a fitar da shi daga ɗakin lokacin aiki.

Kuɗin cizo. Wannan shi ne ɗan taurin kai, 'yan makarantar kwana sun san zancen. Inji zai rage manyan in ka bi ɗinkin katifa da gaɓoɓin gado a hankali. Amma ƙwansa manne yake da wani abu kamar gam, iska ba ta ciro shi cikin sauƙi, sai ka riƙa kankarawa da bakin injin. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kamar kwana 6 zuwa 10, don haka dole ka maimaita duk bayan 'yan kwanaki. Ka haɗa da wanke zanin gado da ruwa mai zafi sosai, kamar digiri 60. Inji shi kaɗai ba ya ƙarar da kuɗin cizo. In ya cika gida, a kira masu sana'ar.

Tururuwa da kiyashi. Za ka kwashe layin da kake gani, amma sarauniya tana can cikin rami tana ci gaba da ƙwai. Ka goge hanyarsu da ruwan sabulu, don ƙanshin da suke bari suke bi, sannan ka toshe ramin.

Sauro fa? Za ka iya kama wanda ya lafe a bango da rana. Amma don Allah kada wani ya ce ya sayi inji ya naɗe gidan sauro. Zazzaɓin cizon sauro ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma abubuwan da ba a kai musu bakin inji. Rina, zanzaro da ƙudan zuma: ka kama ɗaya, sauran su taso maka. Kunama da shanshani: suna iya rayuwa a ciki, su jira hannun da zai buɗe. Ruwa, in ba injin da aka yi domin haka ba. Toka mai zafi ko garwashin turare. Sannan kada ka kunna inji a ɗakin da aka gama feshi yanzu, domin iskar gwangwanin feshi tana kama wuta, moto kuma yana iya yin tartsatsi. Wajen caji ma, kada a ɗora shi kan katifa a bar shi ya kwana a jone.

Batirin ƙananan nan ba ya daɗewa, 'yan mintoci ne, saboda haka ka ja kujeru ka buɗe lungunan kafin ka kunna. Bayan aiki ka kakkaɓe matata a waje. In irin wadda ake wankewa ce, ka bari ta bushe sarai kafin ka mayar.

Daga ƙarshe, Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwaro abu uku yake nema a gidanka: abinci, ruwa da maɓoya. Ka rufe abinci, kada kwanuka su kwana ba wanki, ka gyara famfon da ke ɗiga, ka liƙe tsagar bango, ka sa raga a taga. In ka yi waɗannan, injin ya zama mai ƙarasa aiki. In ba ka yi ba, kullum za ka yi ta zuƙa suna dawowa.

'Yar'uwa, Allah Ya ba yaro lafiya. Wanda kuma ya taɓa gwada injin nan, ya faɗa mana yadda ta kaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kwana lafiya.