Naushin Ƙugiya: Motsa Jiki a Tsakar Gida

A filinmu na yau za mu yi magana a kan wani abu da na san wasunku za su ce ba na mata ba ne, watau naushi. Ki yi haƙuri uwargida, ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke hukunci. Naushin da za mu koya ba a kai wa kowa shi, iska kaɗai za ki nausa, kuma lafiyar jikinki ake nema.

Kamar yadda kuka sani, iyayenmu da kakanninmu na ƙasar Batsari da Safana, da garuruwa irin su Ruma da Wagini da Runka, ba su taɓa keɓe lokacin motsa jiki ba, domin aikin yini ya ishe su. Mace za ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga a rijiya, wata ma har ta je itace bakin dajin Rugu ta dawo da ƙafa. To, yau injin niƙa ya karɓe aikin turmi da dutse a gidaje da yawa. Bugu da ƙari, hare-haren 'yan bindiga da suka yi tsanani a shekarun 2019 da 2020 sun raba mata masu yawa da ƙauyukansu, suka tare a gidajen dangi cikin gari, inda ba gona, ba fili. Sai ki ga mace ta yini zaune, ga tunani ya yi mata yawa. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kuma likitoci sun tabbatar cewa rashin motsi yana daga cikin abubuwan da ke buɗe wa hawan jini da ciwon sukari ƙofa.

A ƙa'idojin da ta fitar a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi, mace ko namiji, yana bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, watau kamar minti 30 a rana har kwana biyar. Idan har yanzu ke ce mai dakan gidanku kuma kina zufa kullum, to kin riga kin biya wannan bashi. Maganarmu da wadda aikin ƙarfi ya ragu a hannunta ne, ga shi kuma fita yawo ba ta samuwa.

Naushi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Dambe wasan mahauta ne tun asali, ana yinsa da kaka bayan an kau da amfanin gona, kuma duk wadda ta taɓa jin waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago ta san irin darajar da ake ba mazajen fage. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da zare, ya ja shi baya, ya miƙa ɗayan a gaba don kariya, sa'an nan ya kawo duka daga nesa. Amma a damben zamani, wanda ake yi da safar hannu, akwai wani gajeren naushi da ke zuwa ta gefe, hannu a lanƙwashe kamar ƙugiya, shi ya sa Turawa suka sa masa sunan ƙugiya da harshensu. Da irinsa ne na hannun hagu Joe Frazier ya kai Muhammad Ali ƙasa a turmi na 15, a birnin New York na Amurka, ran 8 ga Maris 1971.

Abin da ya sa muka zaɓe shi, shi ne ƙarfinsa daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, hannu ɗan aike ne kurum. Saboda haka mai yinsa tana motsa cinyoyi da ƙugu da ciki da kafaɗu duk a lokaci ɗaya, numfashinta kuma ya ƙaru. Kuma kin daɗe da sanin wannan juyi. Ki tuna yadda kike watsar da ruwan wanki daga baho: kikan kafa ƙafa, ki juya ƙugu, ruwan ya tafi nesa ba tare da kin wahalar da hannu ba. To, shi ke nan asirin.

Ga yadda za ki yi. Ki share wuri a tsakar gida ko cikin ɗaki, ki cire silifas, ki guji siminti mai laima. Ki sa wando a ciki, ko ki ɗaura zanen da zai bar ki ki buɗe ƙafa. Ki tsaya ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗunki, ta hagu a gaba, ta dama a baya, in kuwa ke bahaguwa ce sai ki juya tsarin. Ki ɗan saki gwiwoyi, kada su sandare. Ki dunƙule hannuwa, babban yatsa a waje ya kwanta bisa sauran, kada ki cusa shi a ciki. Ki ɗaga su kusa da kumatu, ki ɗan sunkuyar da haɓa.

Daga nan sai ki ɗaga gwiwar hannun hagu har ta zo daidai kafaɗa, hannun a lanƙwashe kamar kusurwar ɗaki. Ki ɗaga diddigen ƙafar hagu kaɗan, ki juya a kan gaban tafin ƙafar kamar mai murje kiyashi, ƙugu da kafaɗa su bi ta zuwa dama. Hannun zai taho da kansa a kwance. Da ya iso daidai hancinki sai ki tsai da shi, ki fitar da numfashi, ki mai da shi kumatu nan take. Duk wannan lokaci hannun dama yana nan yana gadin fuska. In na hagu ya zauna miki, sai ki koyi na dama, inda ƙafar baya ce za ta juya.

Akwai kurakurai huɗu da sababbin koyo suka cika yi. Na farko, jan hannu baya kafin a kawo naushi, wanda ke gajiyar da kafaɗa a banza. Na biyu, miƙe hannu a yi wurgi da shi kamar mai korar kaji. Na uku, barin wuyan hannu ya karye, alhali ya kamata ya miƙe sak da damtse. Na huɗu shi ya fi haɗari, watau a juya ƙugu a bar ƙafa a kafe, domin gwiwa ce za ta sha murɗa. Ki fara a hankali ƙwarai, ko a gaban madubi, sai jiki ya gane hanya kafin ki ƙara sauri. Sannu ba ta hana zuwa.

Game da lokaci, ki soma da minti biyar na tattaki a wuri ɗaya da juya kafaɗu don jiki ya ɗumama. Sai ki yi naushi na minti ɗaya, ki huta minti ɗaya, har sau biyar, kwana uku a mako. Bayan 'yan makonni ki ƙara zuwa minti biyu. Ƙwararrun maza ma minti uku suke yi su huta ɗaya, don haka kada ki matsa wa kanki. Sauran mintocin mako sai ki cika su da shara da tafiya da ɗan daka. Da sassafe ko bayan la'asar ya fi, musamman da bazara, kuma ki ajiye ruwan sha kusa. Ba ki bukatar sayen komai. In daga baya kina son abin duka, ki cika buhu da tsummoki ki rataye, ki naɗe hannu da ƙyalle. Kada ki zuba yashi, kada kuma ki nausa bango.

Amma fa a kula. Mai juna biyu, da mai jego, da wadda aka yi wa aiki a ciki, da mai hawan jini ko ciwon zuciya, kada su fara sai sun nemi shawara a asibiti. Wadda ta haura shekara 40 ta je a auna jininta tukuna, ko a babban asibitin Batsari ko a ɗakin shan magani mafi kusa. In kika ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, ki tsaya nan da nan ki nemi likita.

Wata za ta ce ina kunya? Ai a cikin gidanki ne, ba mai ganinki sai abokan zamanki. Ki yi wa maigida bayani tun farko don ya fahimci manufa. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. A duniya kuwa, an shigar da damben mata cikin wasannin Olamfik a Landan a 2012, kuma 'yar Nijeriya Edith Ogoke tana cikin waɗanda suka fafata. Mu dai ba fage za mu shiga ba. Kada kuma wata ta ɗauka wannan makamin tunkarar mai bindiga ne, ko na gwadawa a kan kishiya ko yaran gida. In ma da hali, ki jawo abokiyar zamanki da 'yan matan gidan ku jeru tare, kamar yadda ake jeruwa a lugude, wannan ta ƙirga, waccan ta gyara wa 'yar'uwarta tsayuwa.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.