Ciwon Gaɓɓai da Hanyoyin Rage Zafinsa a Gida

Ɗalibai, wataƙila a gidanku akwai kaka ko wani dattijo da yake shan wahala kafin ya miƙe daga kan tabarma. Sai ya dafa ƙasa, ya dafa bango, ya ɗan tsaya kafin ya ɗaga ƙafa. Idan kuka tambaye shi, sai ya ce, "Gwiwar nan ce, jikana." Wannan ciwo shi ne Hausawa suke kira sanyin ƙashi, wasu kuma su ce amosanin gaɓɓai. A wannan darasi za ku ga yadda yake samuwa, da abin da za a iya yi a gida don rage zafinsa, da kuma lokacin da zuwa asibiti yake zama dole.

Yadda gaɓa take aiki

Jikin babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Wurin da ƙashi biyu suka haɗu shi ake kira gaɓa, kamar gwiwa da kafaɗa da ƙugu da yatsu. A bakin kowane ƙashi akwai guringuntsi, wato farin abin nan mai santsi da kuke gani a kan ƙashin cinyar kaza. Akwai kuma wani ruwa mai yauƙi a cikin gaɓar, wanda yake yi mata aikin da mai yake yi wa inji. Muddin waɗannan biyu suna nan lafiya, ƙashi ba ya gogar ƙashi, mutum kuma yana tafiya ba tare da ya ji komai ba.

Ire-iren ciwon

Ciwon gaɓɓai iri-iri ne, amma uku sun fi shahara. Na farko shi ne zaizayewar guringuntsi, wadda take zuwa da yawan shekaru ko ƙiba ko tsohon rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kusan miliyan 528 ne suke fama da shi a duniya. Kashi 73 cikin 100 sun haura shekara 55, kashi 60 cikin 100 kuma mata ne. Gwiwa ce ta fi kamuwa.

Na biyu yana faruwa ne idan garkuwar jiki ta yi kuskure ta kai wa gaɓɓai hari. Yakan kama yatsun hannu biyu a lokaci ɗaya, su kumbura, su sanƙare da safe na tsawon lokaci. Na uku kuwa wani sinadari ne yake taruwa a cikin gaɓa ya zama kamar ƙananan allurai. Yawanci babban yatsan ƙafa yake fara kamawa, sau da yawa cikin dare, da zafi mai tsanani.

Ku lura cewa sanyi ba shi ne yake haddasa ciwon ba, ko da yake sunan yana nuna haka. Abin da yake faruwa shi ne, masu ciwon da yawa sun fi jin jiki lokacin hunturu ko damina. Hanyoyin da za mu kawo a ƙasa sun fi amfani ga iri na farko. Sauran biyun suna bukatar maganin likita tun da wuri.

Motsa jiki

Mutane da yawa suna zaton mai ciwon gwiwa hutu kawai yake bukata. Yawan zama kuwa ƙara ciwon yake yi. Dalili shi ne guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini. Abincinsa yana cikin ruwan gaɓa, kuma sai an motsa gaɓar yake tsotsar ruwan, kamar soson da ake matsawa a saki. Bayan haka, idan naman cinya ya yi ƙarfi, yana ɗauke wa gwiwa wani ɓangare na nauyin jiki. Idan ya yi rauni saboda zama, sai nauyin ya koma kan ƙashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 a rana har kwana biyar. Wanda bai saba ba sai ya fara da tafiyar minti goma a wuri mai laushi, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, domin sannu ba ta hana zuwa. Akwai kuma motsin da ake yi a zaune. Mutum ya zauna a kan kujera, ya miƙe ƙafa ɗaya, ya ƙirga biyar, ya sauke ta a hankali. Ya yi haka sau goma, sannan ya koma ɗaya ƙafar. Idan zafi ya ƙaru ya kuma daɗe bayan an gama, alama ce an wuce gona da iri, sai a rage washegari.

Rage ƙiba

Duk lokacin da mutum ya taka ƙasa, gwiwarsa tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinsa. Masana sun gano cewa idan mai ƙiba ya rage kilo ɗaya, nauyin da gwiwa take ɗauka a kowane taku yana raguwa da kusan kilo huɗu. Ke nan wanda ya rage kilo biyar ya sauke wa gwiwarsa kusan kilo 20. Ba a bukatar zama da yunwa. Abin da ake so shi ne a rage yawan tuwo ko teba ko sakwara a kwano, a rage soye-soye da lemon kwalba, a ƙara ganye da wake.

Ɗumi, sanyi da tausa

Idan gaɓa ta sanƙare da safe, ɗumi yana sassauta ta. A tsoma tawul a ruwan ɗumi, a matse, a ɗora a wurin na minti 15 zuwa 20. Ku fara gwada zafin ruwan da hannunku, domin fatar tsofaffi da ta masu ciwon sukari tana saurin ƙonewa. Idan kuwa gaɓar ta kumbura bayan aiki, sanyi ya fi dacewa. A naɗe ƙanƙara a cikin tsumma a ɗora, kada a sa ta a kan fata kai tsaye. Tausa mai sauƙi da man kaɗanya tana sassauta naman da yake kewaye da gaɓa, ta sa mutum ya sami barci. Amma ba ta mayar da guringuntsin da ya zaizaye.

Abinci

Babu abincin da yake warkar da ciwon gaɓɓai, amma akwai wanda yake taimakawa. Ganyaye irin su zogale da alayyafo, da 'ya'yan itatuwa, da kifi mai maiƙo, suna gina jiki ba tare da sun ƙara ƙiba ba. Wasu suna samun ɗan sauƙi daga citta da gangamau a shayi ko a miya. Wanda yake shan maganin tsinka jini ya tambayi likita kafin ya yawaita su. Mai ciwon babban yatsa kuwa ya rage hanta da ƙoda da sauran kayan ciki, ya guji giya, ya kuma yawaita shan ruwa.

Sauya yadda ake aiki

Dogon tsuguno wajen wanki ko girki yana matsa wa gwiwa. Gara a zauna a kan kujera mai ɗan tsawo. Maimakon ɗaukar cikakkiyar jarka, a raba ruwan gida biyu. Takalmi mai laushin ƙasa ya fi mai tsini. Sanda ma ba abin kunya ba ce, sai dai a riƙe ta daidai: idan gwiwar hagu ce take ciwo, a riƙe sandar a hannun dama.

Abin da za a guje wa

A tasha da kasuwa da cikin motocin haya, za ku ga masu tallar ƙwayoyi da jiƙe-jiƙe suna cewa maganinsu yana warkar da sanyin ƙashi cikin kwana uku. Wasu daga cikin waɗannan haɗe-haɗe suna ɗauke da magunguna masu ƙarfi da suke ɓoye zafi na ɗan lokaci, amma idan an daɗe ana sha suna jawo gyambon ciki, su lalata ƙoda, su tayar da hawan jini. Kada ku sayi maganin da ba shi da suna ko lambar hukumar NAFDAC. Haka kuma tsaga gaɓa da reza yana iya shigar da ƙwayoyin cuta.

Yaushe za a je asibiti?

A garzaya asibiti idan gaɓa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga kuma zazzaɓi. Haka nan idan ciwon ya biyo bayan faɗuwa, ko mutum ya kasa taka ƙafa, ko yatsu suka fara karkacewa. Idan yaro ko matashi ne yake yawan ciwon ƙashi, a gwada jininsa, domin yana iya zama sikila. Akwai manyan asibitocin ƙashi na gwamnatin tarayya a Igbobi da ke Legas, da Inugu, da Dala a Kano, amma a fara da asibitin da ya fi kusa.

Ku ma kuna da aikin yi. Ku raka kaka tafiyar yamma, ku ɗora mata ruwan ɗumi da safe, ku karɓe mata ɗaukar kaya masu nauyi. Ku kula da gaɓɓanku tun yanzu, musamman idan kun ji rauni wajen wasan ƙwallo, domin raunin ƙuruciya da aka yi sakaci da shi yakan dawo a tsufa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Ma'anar wasu kalmomi

zaizayewa: ƙarewar abu a hankali saboda gogayya
sanƙarewa: kasa lanƙwasuwa ko motsi
yauƙi: santsi irin na miyar kuɓewa
tausa: matsa jiki a hankali da hannu
farat ɗaya: nan take, ba zato

Tambayoyi

1. Mene ne aikin guringuntsi a cikin gaɓa?
2. Me ya sa yawan zama yake ƙara ciwon gwiwa?
3. Yaushe ake amfani da ɗumi, yaushe kuma ake amfani da sanyi?
4. Kawo alamu uku da suke nuna dole a je asibiti.
5. Rubuta jimloli biyar a kan yadda za ka taimaki wani dattijo mai ciwon gaɓɓai a gidanku.