Wasan Tura Dutse Bisa Ƙanƙara da Dalilin Farin Jininsa

Daga cikin wasannin da mutanen ƙasashen sanyi suka gada kaka da kakanni akwai wanda ake kira kalin, wanda duk mai ganinsa karon farko zai zaci wauta ce, domin abin da ido ke fara cin karo da shi shi ne mutum durƙushe yana tura dutse bisa ƙanƙara, ga wasu biyu a gaban dutsen suna ta shara ba ji ba gani. Amma wanda ya yi haƙuri ya fahimci ƙa'idojinsa, lalle zai tarar da wasa ne na tadbiri da natsuwa, wanda hankali ya rinjayi ƙarfi a cikinsa.

Asalinsa ƙasar Sikotilan ce, inda tafkuna ke daskarewa da hunturu har mutum ya taka su, kuma akwai rubutaccen labarinsa daga garin Paisley tun shekarar 1541. Mutanen wannan ƙasa ne suka ƙetara da shi Kanada, aka kafa kulob a birnin Montreal a 1807, har ya zamanto yau babu ƙasar da ta kai Kanada yawan ma'abotansa. An yi shi a gasar Olamfik ta hunturu ta farko a Chamonix ta Faransa a 1924, sa'an nan ya sami tabbataccen gurbi daga gasar Nagano ta Japan a 1998.

Ga yadda sha'anin yake. Ɓangare biyu ke karawa, kowane da mutum huɗu da duwatsu takwas, nauyin kowane dutse kusan kilo 20, akasarinsu kuwa daga wani ɗan tsibiri mai suna Ailsa Craig ake saro su. Filin ya kai kimanin mita 45 a tsawo, a ƙarshensa akwai da'ira, kuma idan duwatsu sha shida suka ƙare, ɓangaren da dutsensa ya fi kusa da cibiyar da'irar shi kaɗai ke samun maki. Kafin wasa akan yayyafa wa filin ruwa ya daskare ƙuraje-ƙuraje. Saboda haka idan mai turawa ya ɗan murɗa mariƙin dutsen yayin sakinsa, sai dutsen ya tafi yana lanƙwasa, har ya iya zagaye na abokin hamayya ya ɓuya a bayansa. Sharar nan kuwa ita ce ke ɗumama fuskar ƙanƙara, ta ƙara wa dutsen nisa, ta rage masa lanƙwasa, shugaban ɓangare yana can bakin da'ira yana kwarma umarni, ko a share ko a bari.

Falalarsa ga masu yi ita ce ba ya ƙin kowa: dattijo da jikansa suna iya tsayawa ɓangare guda, mata da maza suna haɗuwa, masu keken guragu ma sun sami gasarsu ta Olamfik ɗin naƙasassu tun 2006. Fiye da wannan duka akwai ladabin da aka gina shi a kai, domin al'adarsu ce wanda tsintsiyarsa ta taɓa dutse ya tona kansa ko da babu wanda ya gani, wanda ya tabbata an rinjaye shi ya miƙa hannu ya sallama tun wasa bai ƙare ba, bayan an tashi kuma a zauna teburi ɗaya a yi hira.

Amma ga ɗan kallo, daɗinsa irin na dara ne, inda na gefe ke ƙulla nasa lissafin kafin mai wasa ya motsa. Tun da yake akan maƙala wa 'yan wasa makirfo, mai kallon talabijin yana jin shawararsu, ya auna ta da tasa. Haka miliyoyin mutane a Birtaniya suka hana idonsu barci a 2002, har 'yar wasansu Rhona Martin ta ci zinariyar Olamfik da dutsenta na ƙarshe a Salt Lake City. Nijeriya ma, duk da zafin ranarta, ta shiga ƙungiyar wasan ta duniya a 2018, ita ce ta farko a Afirka. Saboda haka wanda ya ci karo da shi a talabijin, kada ya yi gaggawar sauya tasha. Ya sa ido ga shugaban da ke bakin da'ira, domin a nan hikimar take.