Kare 'Yan Jarida da Marubuta: Abin da Jos Ta Gani

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya bai wa kowa 'yancin faɗar albarkacin bakinsa, sashe na 22 kuma ya ɗora wa 'yan jarida nauyin bin diddigin gwamnati. A takarda ke nan. A aikace, alƙalami ya daɗe yana jawo wa masu riƙe da shi ɗauri da kisa.

A zamanin mulkin soja, wanda ake tsoro sananne ne. Da Dokar Soja ta 4 aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian a 1984. An kashe Dele Giwa da bam ɗin da aka aika masa cikin ƙunshi a 1986, aka rataye Ken Saro-Wiwa a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba, 1995. Don irin waɗannan ne aka gina ƙungiyoyin kariya na duniya. Ƙungiyar marubuta ta PEN, wadda aka kafa a Landan a 1921, ta buɗe kwamitin marubutan da ke kurkuku a 1960. Makaminta wasiƙa ce: a yi ta rubuta wa mai mulki har ya gane cewa duniya ta san sunan wanda ya tsare. Ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta biyo baya a 1981, RSF kuma a 1985.

Abin da ya faru a Jos ya fi ƙarfin wasiƙa. Ranar 24 ga Afrilu, 2010, Nathan Dabak da Sunday Gyang Bwede, ma'aikatan jaridar The Light Bearer ta cocin COCIN, suna kan babur za su je hira da wani ɗan siyasa sai suka faɗa hannun gungun matasan da suka fusata, aka kashe su da wuƙa. A Janairun 2012 aka tsinci gawar Nansok Sallah, editan labarai na gidan rediyon Highland FM, a cikin rafi ƙarƙashin wata gada. A nan babu mai mulkin da za a roƙa ya buɗe ƙofar kurkuku. A garin da rikici ya raba unguwanni, sunan wakili da yanayin shigarsa kan isa su yanke masa hukunci tun bai fito da rikoda ba.

Asarar ba ta tsaya kan iyalan mamatan ba. Wakilin da ya san ba zai fita lafiya daga wata unguwa ba, sai ya daina shiga, labarin unguwar kuma ya koma hannun 'yan ka-ce-na-ce. Unguwar Daɗin Kowa ta Jos, inda Musulmi da Kirista ke zaune tare a kan hanyar Bukur, ta tsira daga ƙone-ƙonen 2008 da 2010, kuma cikin abin da ya cece ta har da yadda dattawa da malamai da fastoci da mata suka riƙa tare jita-jita kafin ta kai ga matasa. Aikin da suka yi wa unguwa ɗaya shi ake nema ɗan jarida ya yi wa gari baki ɗaya.

Irin waɗannan kashe-kashen ne suka sa fafutukar kare 'yan jarida ta karkata zuwa ga hukunta masu kisa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Nuwamba domin haka, ranar da aka kashe Ghislaine Dupont da Claude Verlon na gidan rediyon RFI a Kidal ta Mali a 2013. Ƙididdigar UNESCO ta nuna cewa a cikin kisan 'yan jarida goma, fiye da takwas ba a hukunta kowa.

Tsohuwar barazanar ma tana nan, riga kawai ta sauya. Da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 aka yi ta kama masu rubutu a Facebook da jaridun intanet. Kotun ECOWAS ta yanke cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka yi masa kwaskwarima a 2024, amma 'yan sanda ba su daina kamun 'yan jarida da sunan dokar ba.