Idon Kyamara Mai Faɗin Ƙofa: Yadda Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Same Shi



Duk wanda ya sayi kyamarar zamani mai matsakaicin farashi, galibi akan haɗa masa ita da ido mai jawo nesa kusa, wanda aka rubuta wa 18-55mm f/3.5-5.6. Da rana tsaka idon nan ba ya da laifi. Amma a shiga zauren taro ko ɗakin ɗaurin aure da magariba, sai hoto ya fito dishi-dishi, mai kyamara ya ɗora laifi a kan kyamara, alhali kuwa ido ne ya gaza.

Lambar nan ta f, tsawon ido ne aka raba da faɗin ƙofar da haske ke shiga. Saboda haka gwargwadon ƙanƙantar lamba, gwargwadon faɗin ƙofa. Alal misali, a tsawon 50mm, ƙofar f/2.8 ta kai kusan milimita 18, ta f/5.6 kuwa kusan 9. Wato ta farkon tana shigar da haske ninki huɗu. Idon da ke riƙe f/2.8 daga farkon jansa har ƙarshe yana bukatar manyan gilasai da gyara mai wuya, kuma nan ne tushen tsadarsa.

To, ina mafita? Tana cikin kyamarar kanta. Farantin da ke karɓar haske a manyan kyamarori yana da milimita 36 da 24, daidai da tsohon fim. Na ƙananan, wanda ake kira APS-C, kimanin 23.6 ne da 15.7, bai ko kai rabin filin wancan ba. Idon da aka ƙera musamman domin ƙaramin faranti ba ya bukatar gilashi mai yawa, don haka ya fi sauƙin nauyi da kuɗi. Wanda ya nace sai ya sayi 24-70mm f/2.8 na babbar kyamara, a ganina ya yi asara biyu: ya biya kuɗin gilashin da ba zai mora ba, kuma 24mm ɗinsa zai yi masa aikin 36mm, ɗaki ya ƙi shiga hoto.

Canon da Nikon duk sun fitar da 17-55mm f/2.8, amma kamfanonin Tamron da Sigma na ƙasar Japan su ne suka rage wa talaka farashi. Tamron ya fitar da 17-50mm f/2.8 a 2006. Sigma ya kawo 18-35mm f/1.8 a 2013, mai haske fiye da ninki biyu na f/2.8, sai dai nauyinsa ya haura giram 800, kuma jansa gajere ne. A 2021 ya sake kawo 18-50mm f/2.8 domin kyamarori marasa madubi, mai giram 290 kacal.

Tsofaffin cikinsu ana samun su na hannu da rahusa, tun da jama'a da yawa sun koma kyamara marar madubi. Sai dai mai saye ya lura. Kowane kamfani da irin bakin da ake ɗaura masa ido. Na Canon ba ya hawa Nikon. A haska tocila ta cikin gilashin, a duba ko akwai fumfuna, domin takan yi saƙa kamar yanar gizo-gizo a wuri mai laima. A kuma ɗaura shi a kyamara, a ɗauki hoto a f/2.8, a tabbata yana daidaita gani kafin a miƙa kuɗi.